Neman shawara: ni ke gyara injinan kamfani, amma har yau a lebura nake

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, don na san a cikinmu akwai waɗanda suka riga ni sanin duniyar aiki.

Ina aiki a wani kamfanin robobi da ke yankin Kakuri a Kaduna, masu yin bokitai da kujeru da kwanukan roba. Na haura shekara biyar a wurin. A lebura aka ɗauke ni, ina sauke buhunan ɗanyen roba ina juyewa a bakin inji. To kafin in zo na taɓa zama a Panteka wajen wani maigida mai aikin lantarki, saboda haka duk ranar da inji ya tsaya aka kira injiniya daga waje, nakan matsa kusa in riƙe masa sifana ina kallon hannunsa. A haka na gane kan injinan: inda hita ke ƙonewa, yadda ake sauya mol, abin da ke sa famfon mai ya rage ƙarfi. Yanzu sai a yi watanni ba a nemi injiniyan ba. Ko tsakar dare inji ya tsaya, wayata ake kira.

Amma albashina naira 48,000 ne, daidai da na yaron da aka ɗauka bara. Ba ni da takardar ɗaukar aiki, babu fansho, kuma in kaya suka fito da matsala a lokacin aikinka sai a yanke maka a albashi. Mu kusan arba'in ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota daga Rigasa zuwa Kakuri ke cinye kaso mai tsoka, ga mata ga yara biyu.

Yanzu manaja ya kira ni ya ce in koya wa yara biyu gyaran injinan, bai yi maganar ƙarin ko sisi ba. Zuciyata na raya mini cewa in sun iya za a sallame ni. A gefe guda kuma wani mutum da zai buɗe kamfanin ruwan leda a Kudenda ya ce in zo zai ba ni fiye da haka, amma da baki kawai, kuma bai ma gama kafa injinansa ba. Da na faɗa wa wani abokin aikina, sai ya ce in rufa wa kaina asiri, ma'aikaci ɗaya ba kowa ba ne, in na fita yau gobe mutum goma na bakin get. Shin haka ne? In koya wa yaran ko in ƙi? In nemi ƙari ko in tafi?

Abban Sadik:

Ɗan'uwa kada ka koya musu. Wannan ilimin shi kaɗai ne ya riƙe ka a wurin. Ka ce musu to, ka riƙa nuna wa yaran share inji da zuba giris, babban aikin ka bar wa kanka. Na ga an yi wa mutane irin wannan ba sau ɗaya ba.

Baba Heluma:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, na shiga aiki a 1978, kuma a Kakurin nan da kake zuwa kullum na ƙarar da ƙuruciyata. Ku yaran yanzu kangaye kuka tarar. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, sannan su Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. In aka busa jiniyar tashi, kekuna ne ke rufe titi har Makera, kuma masu abinci da masu shayi da masu gidajen haya duk da albashinmu suke rayuwa. Sai atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, wuta ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, injina suka tsufa ba a sake su ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

Abin da na gani da idona bayan rufewar shi zan faɗa maka. Dubban mutane aka sallama, amma ba iri ɗaya suka sha wahala ba. Wanda iyakar saninsa shi ne tsayuwa gaban inji guda yana ɗaura zaren da ya tsinke, ranar da aka kulle get saninsa ya zauna a ciki. Da yawa acaɓa suka koma, wasu gadi, wasu suka tattara iyali sai ƙauye. Amma 'yan sashen gyara, masu lantarki, masu walda, masu kula da tukunyar tururi, ba su daɗe a gida ba. Wasu gidajen burodi suka ɗauke su, wasu 'yan kwangilar matatar mai, wasu suka kama rumfa a Panteka har suka yaye yara. Saboda haka maganar abokinka rabinta gaskiya ce. Mutum goma na bakin get, haka ne, amma ɗaukar buhu suka zo nema. A cikinsu nawa ne za a tasa da tsakar dare su tayar da injin da ya mutu? Kai ka riga ka fita daga wancan layin, kai ne dai ba ka sani ba, su kuma ba za su faɗa maka ba.

Batun koyarwa, ban yarda da Abban Sadik ba. Ni wani heluma mutumin Binuwai ne ya koya mini aiki, bai ɓoye mini komai ba, kuma bai rasa aikinsa ba, gaba ma ya yi. Mai ɓoye aiki kamfani na jin tsoronsa, kuma wanda ake tsoro hanyar rabuwa da shi ake nema. Ka koya musu, amma ba kana lebura ba. Wanda ke koyar da mutum biyu shugabansu ne, sai a sauya sunan aikinka da albashinka kafin ka fara.

Barista Ummu Hanan:

Ƙanena, Baba ya ba ka ta hankali, bari in ba ka ta doka, don da yawa cikin abin da ka lissafa ba alfarma ba ne da za ka roƙa, haƙƙinka ne.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Takardar ta ƙunshi irin aikin, ranar da aka ɗauke shi, albashi da yadda ake biya, lokutan aiki, hutu, da wa'adin da za a bayar in za a rabu. Kai ka haura shekara biyar babu ita. Rashin takardar bai nufin babu yarjejeniya a tsakaninku, yana nufin su ne suka saɓa doka. Kuma tun da ka kai shekara biyar, sashe na 11 ya ce wata guda cur za a ba ka na sanarwa kafin a sallame ka, ko a biya ka kuɗinsa. Haka kai ma in za ka tafi. Wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya ne, daga nan zuwa shekara biyu mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu.

Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024, daga 30,000 na 2019. Mutane na ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne kawai, alhali ya hau kan kamfanoni masu zaman kansu. Waɗanda dokar ta cire su ne wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin rabin lokaci, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da aikin da ke bin lokaci irin na gona. In da gaske ku kusan arba'in ne kuma albashin wata ake ba ku, to har yaron da aka ɗauka bara ana tauye shi, ba kai kaɗai ba.

Yankan albashi kuma, sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci. In ya jawo asara da gangan ko da sakaci ana iya cire wani abu daidai misali, amma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Manaja ba zai zauna a ofis ya yanke don bokiti ya fito a karkace ba. Bayan wannan akwai hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki tare da albashi, da hutun rashin lafiya har kwana 12 in likita ya tabbatar. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye zai zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Wadda ta fi damuna a kanka ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai kamfani ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki, har da ɗan wucin gadi da ɗan koyo. Kai kullum hannunka na cikin inji mai matse roba da zafi. Ka tambaya ko suna biya.

Ban ce ka shiga ofis gobe kana karanto sassan doka ba, yin haka na iya jawo maka sallama kafin la'asar. Abin da nake so ka fara yi shi ne tara shaida a natse: in ta banki ake biyanka ka ciro bayanan asusunka, in a littafi kuke sa hannu ka san inda yake, ka adana katin shaida da saƙonnin da ake turo maka na kiran gyara. In ta ɓaci, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Kaduna da ke sasanci, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a garin nan. Wanda ya je da takardu a hannu shi ake saurara.

Sarkin Zafi:

Duk wannan dogon turanci ne. Ka kashe wayarka kwana biyu ka ce ba ka da lafiya. Ko ka sassauta wata waya ka tafi gida. In suka yi asarar kwana ɗaya su da kansu za su zo Rigasa neman ka.

Malam Na Masallacin Layi:

Subhanallah. Sarkin Zafi, ka janye wannan magana. Ɗan Rigasa, kada ka kuskura. An ba ka amanar inji, lalata shi da gangan ha'inci ne, kuma akwai bayin Allah da ke tsaye gaban injin nan, wayar da ka sassauta tana iya cin hannun wani ko ransa. Zaluncin da ake yi maka bai halatta maka ka yi naka ba.

A Suratul Ƙasas aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce. Iyawa da amana, su biyun ne jarin ma'aikaci, in ka zubar da ɗaya ɗayan ba zai yi maka kasuwa ba. Ka kuma lura da ayar da ke biye: dattijon bai ce zo ka yi ta aiki za mu gani ba, ya faɗi wa'adi, shekara takwas, in ya cika goma daga gare shi ne, kuma ya faɗi abin da zai bayar. Saboda haka neman a fayyace maka aikinka da ladarka ba rashin godiya ba ne ba kuma rashin tawakkali ba. Hadisi ya zo a Ibn Majah cewa a ba ɗan ƙwadago ladarsa kafin guminsa ya bushe, kuma a Bukhari, cikin mutum uku da Allah ya ce zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki bai biya shi ba. Koyar da sana'a kuma aiki ne mai zaman kansa, halas ne ka nemi lada a kai. Abin da ban so shi ne ka amsa da to sannan ka riƙa koyar da rabi kana ɓoye rabi. Ko ka karɓa a kan sharaɗi, ko ka ce a'a a fili.

Hajiya Mai Burodi:

Ɗana, ni mai ɗaukar ma'aikata ce, ina da gidan burodi a Tudun Wada, bari ka ji yadda abin yake daga wannan ɓangaren. Ba kare maigidanka nake yi ba, yankan albashi da hana takarda ba daidai ba ne. Amma ka san wanda za ka je gabansa mutum ne da lissafi ya cika masa kai. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, ga dizal, ga kayan aiki da ke bin dala, duk mai inji a garin nan da ciwon kai yake kwana. In ka shigo ka ce mini haya ta ƙaru, yara ba lafiya, zan tausaya maka, in ba ka dubu biyar na ce Allah ya sawwaƙe, albashinka na nan yadda yake. Kowa a cikin ma'aikatana yana da wannan labarin.

Abin da ke sa in ƙara wa mutum shi ne in ya nuna mini kuɗin da yake tsare mini. Ka samu ƙaramin littafi. Duk gyaran da ka yi ka rubuta rana, injin da ya tsaya, abin da ya lalace, da tsawon lokacin da ka ɗauka ka tayar da shi. Ka tuno na baya iya abin da za ka iya. Ka binciko nawa injiniyan waje ke karɓa a zuwa ɗaya, da nawa kamfani ke asara in inji ya wuni a tsaye ma'aikata na zaune. Da wannan za ka shiga. Ka ce, ranka ya daɗe, na ji batun yaran kuma zan koya musu har su iya, ga abin da nake yi wa kamfani, ina so a mayar da ni mai kula da gyara a rubuce, a kan albashi kaza. Ka faɗi adadi da bakinka. Ma'aikatanmu na da wata kunya ta cewa duk abin da kuka ga ya dace, to abin da ya dace a wurin mai biya shi ne mafi ƙanƙanta.

Sannan ka daina ɗauka cewa don a kore ka ake son ka koyar. Zai iya yiwuwa, amma ni ma ba na barin tanda a hannun mutum ɗaya. Ranar da ya kwanta ciwo ko aka yi masa rasuwa, shi ke nan na rufe? Manajanka ya gane cewa kamfanin na rataye a wuyanka, shi ya sa hankalinsa ya tashi. Wannan ita ce ranar cinikinka, kuma tana wucewa da zarar yaran sun iya.

Mutumin Kudenda kuwa, kada ka saki reshe ka kama ganye. Wanda bai kafa inji ba bai san ko zai iya biyan albashi ba. Ka taya shi kafa injinan ranar hutunka ya biya ka kuɗin aikin, ka ga yadda hannunsa yake wajen biya. In ya cika alkawari a ƙaramin, sai a yi maganar babban, ita ma a rubuce.

Oga Mai Walda, Panteka:

Yaro, tun da ka ce a wurinmu ka fara, ka ji ta maigida. Matsalarka, in aka fita daga kamfanin nan ba wanda ya san ka iya. In ka je wani wuri suka ce me ka sani, bakinka kawai za ka nuna. Ka je ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, tana da mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, kuma hannu ake dubawa fiye da turanci. Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, na hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ma a nan Kaduna take, inda ake auna abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida, ba sai ya koma aji ba. Ka leƙa Kaduna Polytechnic ka yi tambaya, maƙwabtanmu ne.

Kuma ka faɗaɗa hannunka. Injin roba kamfani nawa ke da shi a garin nan? Amma janareta, famfon burtsatse, naɗin kwayil, haɗa sola da inbata, waɗannan kowace unguwa ana nema. Ranar Lahadi ka dawo wajen tsohon maigidanka ka ƙara. Mai sana'ar da mutum ɗaya ne kawai ke saye, mai sayen ne ke yanka farashi.

Maman Ilham:

Ni malamar makarantar kuɗi ce a Unguwar Mu'azu, matsalarmu ɗaya da taka. Na daɗe ina haɗa aji da lissafin kuɗin makaranta a kan albashi ɗaya, ina jiran a gani a yaba. Ba a gani ba sai da na yi magana, kuma da na yi an ƙara, ko da bai kai yadda na nema ba. Abin da zan ƙara kawai, ka shawarci matarka kafin ka je, ku ɗan tanadi abin da zai riƙe gida in amsar ta zo ba daɗi. Wanda ba shi da na cefanen gobe ba ya iya tsayawa a kan maganarsa.

Kwamared:

Na karanta duka, kuma akwai abin da ya dame ni. Kowa na koya wa Ɗan Rigasa yadda zai fitar da kansa, ba wanda ya tambayi sauran mutum talatin da wani abu da ke ɗaukar buhu a kan 48,000. Su ba su iya gyaran inji ba, to su mutu ke nan? Barista ta faɗa a fili, abin da ake ba su bai kai na doka ba. In Ɗan Rigasa ya shiga shi kaɗai, mai yiwuwa a ƙara masa, a ce kada ya faɗa wa kowa, gobe a mayar da shi mai sa wa 'yan'uwansa ido.

Baba Heluma zai shaida, albashi da alawus da giratutin masaƙa ba don kirkin masu kamfani aka same su ba, ƙungiya ce ta zauna da su a teburi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta ƙasa a Kaduna take da hedikwata. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, abokan aikinsa suka zaɓe shi sakataren ƙungiya, ya zama babban sakatarenta na ƙasa a 1982, ya shugabanci NLC daga 1999. Mutum ɗaya ne, amma da ba shi da dubbai a bayansa da ba wanda zai saurare shi. Shi kansa 70,000 ɗin nan sai da NLC da TUC suka tsayar da ƙasar nan a watan Yunin 2024 kafin a kai gare shi. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma Dokar Ƙwadago ta hana korar ma'aikaci saboda ya shiga.

Kai ne ka fi kowa ƙarfi a kamfanin nan yanzu, domin kai ne ba za a iya kora da sauƙi ba. In akwai wanda zai buɗe baki a kan takardar aiki da yankan albashi a madadin kowa, kai ne.

Baba Heluma:

Kwamared, na shaida, ni ma na biya kuɗin ƙungiya har na bar aiki. Amma mu dubbai ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma a lokacin masu kamfani na cin riba. Su wannan yaron kuwa mutum arba'in ne, ba mai takarda a cikinsu, ana iya sallamar rabinsu a wuni ɗaya a ce kasuwa ce ta faɗi. Kada mu ɗora masa kayan da zai karya shi. Ya fara samun tasa takardar ya tsaya da ƙafafunsa. Daga nan, a matsayinsa na heluma, ya nemi a ba yaran nan biyu tasu, ya kuma nemi a daina yankan albashi a sashensa. In takarda ta shiga hannun mutum uku, sauran za su tambaya.

Kwamared:

Na ji Baba, ban ƙi a bi a hankali ba. Sharaɗina ɗaya, kada ya yarda a ce ƙarin sirri ne tsakaninsa da manaja. In ya karɓi wannan, an saye shi.

Ɗan Rigasa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi na ji sanyi. Malam, ba zan taɓa inji da mugun nufi ba in sha Allah. Na sayi littafin da Hajiya ta ce, kuma ta banki ake biyanmu, don haka zan ciro bayanan. Sauran tambayata biyu. Manajan ba shi ne mai kamfanin ba, mai shi yana zuwa ne lokaci-lokaci. Wa zan fara tunkara? Kuma in manaja ya ce in fara koyarwa, za a duba maganar daga baya, me zan ce?

Barista Ummu Hanan:

Ka fara da manaja, tsallake shi zai sa ya zama abokin gabarka. Amma ka rubuta buƙatarka a takarda ɗaya, da sunan kamfani a sama ba sunansa ba, ka sa kwanan wata, ka yi kwafi biyu ya sa hannu a naka cewa ya karɓa. In ya ƙi sa hannu, ka tura masa hotonta a waya, ita ma shaida ce. In ya ce daga baya, ka tambaye shi wace rana, ka ce a ranar da takarda ta fito a ranar za ka fara da yaran, kafin nan kuma kana ci gaba da gyaranka kamar kullum. In an kawo maka takardar kada ka sa hannu a tsaye. Ka zo da ita gida wani ya karanta maka, ka duba ranar fara aikin da aka rubuta. Wasu kan sa ranar da aka ba da takardar, shekarunka na baya su bi ruwa.

Hajiya Mai Burodi:

Kuma ka zaɓi rana. Ban da ranar biyan albashi, ban da ranar da aka kawo takardar kuɗin wuta. Ka bari sai ranar da mota ta yi lodi ta fita, injina duka na aiki, sannan ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ya ce zai kai wa mai kamfani, ka roƙe shi ya shiga da kai, don littafin nan kai ne za ka fi iya bayaninsa.